Jakar da Za Ta Dawo da Nama



Yau zancenmu na kaya ne, irin kayan da ake goyawa a baya a shiga daji da su. Mu huɗu ne, Hausawa mazauna jihar Kolorado ta Amurka. Duk shekara idan watan Oktoba ya kama mukan ɗauki hutun kwana biyar ko shida mu hau tsauni farautar wata dabba da mutanen nan ke kira elk. Namijinta yana da ƙaho mai rassa kamar busasshiyar bishiya, girmansa kuma ya kai na gwanki har ya ɗara, shi ya sa a tsakaninmu gwanki kawai muke ce masa. Duk wanda ya ji muna wannan harka, tambayarsa ta farko ita ce wace irin bindiga muke riƙewa. Mu kuwa abin da ya fi cin lokacinmu da kuɗinmu, kuma ya fi jawo mana gardama, shi ne jakar goyo da yadda za a rataya bindiga a jikinta.

Dalilin haka yana cikin doka. A ranar 3 ga Satumba, 1964, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan wata doka da ta keɓe wasu dazuzzukan ƙasar, ta hana shiga cikinsu da mota ko babur ko wani abu mai inji. Har keke da baro da amalanke an hana, duk dai abin da ke gudu a kan taya. Ko mutum ya shiga da ƙafa, ko da doki, ko da alfadari, hayar dawaki kuwa ba ta ƙaramin aljihu ba ce. Dajin da muka fi zuwa, Flat Tops, yana cikin waɗannan tun 1975. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 950, kuma yawancin tudunsa ya haura mita 3,000 daga saman teku. Don a gane tsayin, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. A can sama iska ta yi sako-sako, numfashi ɗaya ba ya ba jiki fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da yake samu a bakin teku. Mutum yana tsaye ma haki yake, balle da kaya a bayansa.

To a nan lissafi yake shigowa. Babban namijin gwankin nan yakan kai kilo 300 ko fiye. Idan aka feɗe, aka cire ƙashi, tsokar da ake samu takan kai wajen kilo 100, ta mace kuwa wajen 75. Cinya ɗaya tak da ƙashinta tana iya kai kilo 30. Kayan zaman daji na kowannenmu, wato tanti da buhun barci da risho da abinci da ruwa da tufafin sanyi, sukan tashi kilo 18 zuwa 20. Idan muka yi sa'a a wuri mai nisan kilomita 8 daga inda muka bar mota, mu huɗu kowa zai ƙara kilo 25 na nama a kan nasa kayan, ya tashi da kilo 45 a baya, ga bindiga. Wanda ya je shi kaɗai sai ya yi sawu huɗu, kowane sawu kilomita 16 zuwa da dawowa. Wannan shi ne ɗaukar Dala ba gammo idan jakar ba ta kirki ba ce.

Kuma ba a ce mutum ya ɗebi abin da zai iya ya bar saura ba. Dokar Kolorado ta wajabta wa maharbi ya fito da ƙafafu huɗun nan gaba ɗaya, da naman gadon baya, da tsoka mai laushin nan da ke manne da ƙashin baya ta ciki. Wanda ya yanke kai da ƙaho ya watsar da gawar ya aikata babban laifi, irin wanda ke kai mutum gidan yari. A Alaska sun ƙara tsanantawa: ba a fitar da ƙaho daga inda dabba ta faɗi sai an gama kwashe nama, ko kuma a tare da kaya na ƙarshe. Mu kuma tun kafin dokar Bature muna da tamu. Wanda ya yi karatun Risala ya san an karhanta farauta don wasa kawai. Da bisimilla muke jan kunama, idan mun tarar da dabbar da sauran rai mu yanka ta. Abin da aka ambaci sunan Allah aka ɗauki ransa ya zama amana a wuyan maharbi, har sai ya shiga tukunyar wani. Saboda haka ma'auninmu na jaka ɗaya ne: yaya za ta yi ranar dawowa, da cinyar gwanki a cikinta, a kan gangara, da dare? Ranar shiga daji kowace jaka kyakkyawa ce.

Babbanmu, wanda muke kira Kawu, a gidan mafarauta ya tashi a ƙasar Bauchi. Yakan ce a zamanin ƙuruciyarsa burgami ɗaya ya ishi mafarauci, albarushi da wuƙa da laya da ɗan guzuri duk suna ciki. Idan an kashe babban nama sai a kyafe shi a dajin ya yi sauƙi, a raba a ɗora a ka. Ɗaukar kaya a ka ba abin rainawa ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 1986 a kan matan Luo da Kikuyu na Kenya ya gano suna ɗaukar abin da ya kai kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu ba tare da ya ƙara musu wani ƙarfin da suke kashewa ba. Amma wannan dabara ta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. A Flat Tops wani ƙwaro ya kashe itatuwa masu ɗimbin yawa a shekarun 1940, har yau gangunansu na kwance birjik a kan juna. Mutum yana tsallake wannan yana sunkuyawa ƙarƙashin wancan, ƙasa ga santsin dusar ƙanƙara. Kayan ka ba zai yi minti biyar ba zai sauka.

Abin da ya fi kusa da jakar kirki a cikin abubuwan da muka sani tun muna yara shi ne goyo. A lura da mace idan ta goya yaro mai nauyi. Zanen da ta ɗaura a ƙirji riƙe shi kawai yake kada ya faɗi baya. Majanyin da ta zagayo ta ƙarƙashin ɗuwawunsa ta ɗaure a ƙugu, shi ne ke ɗauke da nauyin, kuma a kan ƙashin kwankwasonta ya sauke shi. Shi ya sa za ta wuni tana daka da shara da yaro a baya. Masu yin jakunkunan nan ma can suka ɓulla. Dick Kelty, wanda ya fara ƙera firam na alminiyam a gidansa a Kalifoniya a 1952, matarsa Nena tana ɗinka jakar, yana cikin waɗanda suka yaɗa ɗamarar ƙugu a jikin jakar goyo. Mu majanyi muke ce wa wannan ɗamara, kuma ita muke fara dubawa kafin komai.

Majanyi nagari yana da faɗi da kauri, yana rungume saman ƙashin kwankwaso ta kowane ɓangare, kuma idan an ɗora nauyi ba ya zamewa ƙasa. Idan ya zauna daidai, kaso mafi girma na kayan a kansa yake, har mutum yana iya zura yatsa tsakanin kafaɗarsa da igiyar kafaɗa. Wajen awo kuma akwai abin kiyayewa. Ana gwada jaka a shago ne da cikakken ciki, wani lokaci da rigar sanyi. Bayan kwana huɗu a tsauni tumbi ya faɗa, kuma mai ɗauke da nama yakan tuɓe rigunan sama saboda gumi. Idan a shago ɓangarorin majanyin biyu sun kusa haɗewa a cibiya, a daji ba sauran wurin ƙara matsewa, sai kayan ya sulale ya koma kan kafaɗa. Don haka muke zaɓar wanda ya bar tazarar tafin hannu ko fiye a gaba.

Na biyu shi ne firam, ƙashin bayan jaka. Aikinsa ya karɓi nauyin ya miƙa wa majanyi ba tare da ya lanƙwashe ba. A yanzu da alminiyam ko kabon ko titaniyam ake yin sandunansa. Ba da tsayin mutum ake auna shi ba, da tsayin gadon bayansa ne. Mutum zai sunkuyar da kai, a laluba ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya, a ja tef daga nan zuwa daidai saman ƙashin kwankwaso. A cikinmu akwai biyu da tsayinsu ɗaya amma awon bayansu ya bambanta da santimita 6, domin ɗaya ƙafafu ne suka ba shi tsawo. Jakar ɗaya ba ta yi wa ɗayan, zanen aro dai ba ya rufe katara.

Daga saman firam akwai wasu 'yan igiyoyi biyu da suka sauko suka kama igiyar kafaɗa. Linzami muke ce musu, domin da su ake jan kan kaya ya matso kusa da jiki, a ɗage shi daga kafaɗa. Ba sa aiki sai firam ya ɗara kafaɗar mutum tsawo, yadda za su sauko a karkace. Idan suka kwanta a miƙe, ko ja nawa aka yi musu ba abin da za su ɗage. Wannan ne ya sa firam ɗin ɗaukar nama yake kai santimita 61 zuwa 66. Dogon firam yana da tasa matsalar, yana karo da rassa, kuma idan mutum ya kwanta rub da ciki zai yi harbi yakan tokare masa ƙeya. Mu mun yarda da wannan ciniki, domin harbi na daƙiƙa kaɗan ne, dakon nama kuwa na yini biyu.

Na uku shi ne abin da muke kira gadon nama. A jakunkunan farauta na zamani, irin na Stone Glacier da Mystery Ranch da Exo da Kifaru, ana iya sassauta igiyoyi a janye jakar baya daga jikin firam, sai wani fili ya buɗe a tsakaninsu da shimfiɗar ƙyalle mai ƙarfi a ƙasansa. A nan ake zura cinya ko karfata, a mayar da jakar a danne, a matse. Amfaninsa biyu ne. Nama mai jini bai haɗu da buhun barci da tufafi ba. Sannan abin da ya fi komai nauyi ya manne da gadon baya, inda jiki ya fi iya sarrafa shi. Kilo 30 da ke manne da baya da kilo 30 da ya yi nesa da baya da taƙi ɗaya ba nauyinsu ɗaya ba ne a jikin mai ɗauka, na biyun fizgar mutum yake ta baya a kowane taku. Muna kuma kula kada naman ya zazzago ƙasa ya taru a ƙugu kamar tulu. Tsokar da aka cire wa ƙashi ba ta da siffa, don haka muke zuba ta a dogayen buhunan ƙyalle masu shan iska mu ɗaure ta a tsaye, tsakiyar nauyin yana daidai tsakanin allunan kafaɗa. Leda kuwa ba ta kusantar nama mai ɗumi, dafa shi take.

Girman jakar shi ne na ƙarshe a lissafinmu, ko da yake shi masu saye suka fi tambaya. Don zaman kwana biyar cikin sanyin Oktoba, lita 80 zuwa 100 ta isa. Babbar jaka ana iya matse ta ta koma ƙarama ranar da aka bar kaya a sansani aka fita da ruwa da wuƙa kawai, ƙaramar jaka kuwa ba ta da inda za ta ƙaru. Muna shafa ƙyallen da farce mu ji ƙararsa, domin kunnen gwanki ya fi namu nesa ba kusa ba. Muna duba zif da maɓallai mu ga ko za su buɗu da safar hannu a hannu. Jakar da firam ɗinta sukan yi kilo biyu da rabi zuwa uku ba komai a ciki, kuɗinsu kuma yakan haura dala 600. Akwai masu arha da suka fi sauƙin nauyi, amma mu ba ma rage rabin kilo a wurin da zai sa kilo 45 ya zauna a kafaɗa.

Gwajinmu kuma a gida muke yin sa tun watan Yuli, don ba a fafe gora ranar tafiya. Buhun shinkafa na shagon 'yan Afirka kilo 23 ne. Mukan ɗora ɗaya a gadon nama mu hau tudu da shi bayan la'asar, bayan makonni mu ƙara na biyu. Jakar da ba ta dace da mutum ba, a cikin awa ɗaya za ta faɗi gaskiya: yatsu su yi sanyi su mutu saboda igiya ta danne jijiya, ko kwankwaso ya saɓule, ko firam ya riƙa kuka kamar tsohuwar ƙofa. Jiki magayi.

Sai maganar bindiga, inda har gobe ba mu zama baki ɗaya ba. Bindigar farauta da madubin saitinta takan yi kilo uku da rabi zuwa huɗu da rabi, tsawonta ya haura mita ɗaya. Buƙatu biyu ne suke ja-in-ja a kanta. Maharbi yana son ta kasance a hannunsa cikin ƙiftawar ido idan dabba ta ɓullo. Mai hawan tsauni kuma yana son hannayensa biyu su kasance a sake, ya riƙe sandunan dogarawa, ya dafa dutse, ya tare kansa idan ya zame. Kowace hanyar rataya ɗaya take fifitawa a kan ɗaya.

Kawu hamila yake amfani da ita, wato maratayin kafaɗa irin na da, kuma galibi ma bindigar a hannunsa take. Yakan ce bindigar da ke ɗaure a baya da itacen girki duk ɗaya ne. Ba wanda ya kai shi saurin ɗaga ta. Sai dai hamila da igiyar jaka kishiyoyi ne, kafaɗa ɗaya suke nema. Hamilar tana hawa kan igiyar ta riƙa zamewa, dole hannu ɗaya ya zauna a kanta, don haka sanda ɗaya kawai Kawu ke riƙewa.

Malam, wanda ya fi mu natsuwa, a gefen jaka yake ɗaure tasa, gindinta a cikin aljihun gefe, igiyoyi biyu sun matse ta. Hannayensa a sake suke, bindigar ba ta motsi. Don kada kayan ya rinjaya gefe ɗaya sai ya sa gorar ruwa da ƙafafun madubin hangen nesa a ɗaya gefen. Amma kafin ya ciro ta sai ya sauke jaka gaba ɗaya, kuma bakinta da ya zarce kansa yana kama rassa. Shi ya ce ya yarda, domin irin farautarsa ta zama ce a tudu yana hange, ba ta bin sawu ba.

Badamagaren cikinmu kube ya zaɓa. Wani ɗan wasan Amurka mai suna Glen Eberle, wanda ya yi gasar gudun kan ƙanƙara da harbi a wasannin Olamfik na 1984, inda 'yan wasa ke goya bindiga a baya, shi ya kafa kamfanin Eberlestock da ya shahara da wannan tsari. Dogon aljihu ne tsakanin baya da jaka, ana zura bindiga a ciki, a miƙa hannu ta saman kafaɗa a zaro ta kamar takobi ba tare da an sauke kaya ba. Yana kare ta daga ruwa da ƙura da karo da dutse. Kuɗin da ake biya shi ne ƙarin nauyi, sannan kuben ya zauna a wurin da ya kamata nama ya zauna, ya tura kaya nesa da baya. Ƙarshensa kuma yana leƙowa ƙasa, sai ya tokari dutse idan mutum zai zauna ko yana saukowa gangara mai tsauri.

Autanmu a gaba yake ɗaukar tasa, da wani maratayi na kamfanin Kifaru, sunan da ke nufin karkanda a harshen Suwahili. Gindin bindigar yana zama a cikin wani ɗan ƙoƙo da ke rataye a majanyi, hancinta kuma an kama shi da igiya a jikin igiyar kafaɗa. Nauyin ya koma ƙugu, hannaye a sake, idan buƙata ta taso a fizge igiyar sai bindiga ta faɗo hannu. A cikin hanyoyin huɗu ita ta fi kusa da raba gardama. Amma bakin bindigar yana tsaye kusa da fuska yana tare gefen ido, wasu ba sa iya sabawa da shi, kuma wajen rarrafe a ƙarƙashin gangunan itace tana shiga tsakanin mutum da ƙasa.

Inda muka haɗu shi ne ƙa'idojin da ba mai taɓa su. Muddin bindiga tana jikin jaka ko cikin kube, ba harsashi a makwancinsa, sai dai a ma'ajiya. Ba ma dogara da makullin kunama, domin reshe ko igiya na iya ture shi mutum bai sani ba, ga ɗan'uwansa yana biye da shi a baya ko yana gabansa a kan tudu. Kafin mu tashi kowa yana buɗe tasa ya nuna wa na kusa da shi. Muna liƙe bakinta da salatif na masu gyaran wuta don kada laka ko ƙanƙara ta toshe shi, iskar da ke gaban harsashi ce ke fasa salatif ɗin, ba ya canza saiti. Dokar jihar ta yarda da harbi ne daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, saboda haka a tafiyar asuba da ta dare har Kawu yakan ɗaure tasa a jaka ya kama sanduna biyu. Haka ma ranar dakon nama. Sannan doka ta ce mai farauta da bindiga ya sa tufafi ruwan goro ko ruwan hoda mai ƙyalli da ya kai murabba'in inci 500 a saman ƙugu, har da hula. Babbar jaka tana rufe bayan riga, shi ya sa muke lulluɓa mata ƙyalle mai wannan launi, musamman idan akwai ƙaho a ɗaure a sama. Mutum mai tafiya cikin itatuwa da ƙaho a bisa kansa ya san abin da yake kama da shi daga nesa.

Akwai wata shekara da duk wannan lissafi ya zo mana a tsaye. Kwana na huɗu ne, ba mu samu komai ba, abinci ya ja baya. Wajen ƙarfe uku na yamma Auta ya hango wani babban namiji a ƙetaren kwazazzabo, yana kiwo a fili, a tazarar da za a iya matsawa a same shi. Makon ya zo da ɗumi, da rana har riga ɗaya muke sawa. Mota tana bayanmu da kilomita 11, kwazazzabon kuma zai ƙara saukar mita ɗari uku da hawan wasu ɗari uku, zuwa da dawowa. Auta ya riga ya fizge igiyarsa, bindiga na hannu.

Ya ce, "Kawu, ga shi Allah Ya kawo. Mu matsa?"

Kawu ya daɗe yana duban kwazazzabon kafin ya ce, "Ɗana, harbin ba wuya. Wa zai fito da shi kafin jibi?"

Malam ya lissafa a fili. Kafin mu isa mu feɗe dare ya yi, ɓangaren da dabbar take yana fuskantar kudu, rana ce za ta buge shi tun hantsi, ba inuwar rataye nama. Nama yana son sanyin da bai wuce digiri 4 ba, kuma daga gindin cinya da wuya yake fara lalacewa, inda tsoka ta fi kauri zafi ya fi daɗewa. Ko da mun kwashe shi a sawu ɗaya, da kilo 45 a bayan kowa, wannan hawan zai ci mana yini guda. Muka zauna muna kallonsa har ya shige cikin itatuwa. A shekarar hannu biyu muka koma gida, Auta bai yi magana ba har muka sauka kan kwalta. Kuɗin lasisi ya tafi, iyalan da muka saba kai wa rabo suka ji shiru. Har yanzu idan zancen ya taso Badamagare yakan ce da mun gwada da mun iya, Kawu kuma ya ce wataƙila. Tun daga lokacin, kafin mu bar gida mukan buɗe taswira mu ja da'ira a kewayen inda za mu ajiye mota, gwargwadon abin da bayanmu ya nuna zai iya a gwajin buhun shinkafa da kuma hasashen yanayin makon. Abin da ke wajen da'irar nan kallo ne namu a kansa.

Ga wanda wata rana zai tsinci kansa a irin wannan daji, jerin da muke bi ke nan: a fara auna gadon baya, a zaɓi firam da majanyin da suka zauna a jiki da nauyi a kansu, a tabbatar akwai gadon nama, sannan a zaɓi girman jaka. Maratayin bindiga shi ne na ƙarshe, domin shi zai bi jaka, kuma irin dajin da yanayin farautar mutum ne za su nuna wanda ya dace. Mai bin sawu a cikin duhuwar itatuwa yana bukatar ta a gaba ko a hannu. Mai hawa tudu ya zauna yana hange, gefen jaka ya ishe shi.

Sunayen nan da kuka ji, majanyi da linzami da gadon nama da kube da hamila, mu muka ɗora su a kan waɗannan kaya a bakin wuta, don mun gaji da cusa Turanci a tsakiyar hirarmu. Hamila da kube daga kayan takobi muka aro su, linzami daga kayan doki, majanyi daga ɗakin iyayenmu mata. Tunda nan zauren masu sarrafa harshe ne, wanda yake da sunan da ya fi namu zama daidai, ko wanda a garinsu mafarauta suna da tasu kalmar, bisimilla, za mu tafi da ita tsauni a Oktoba mai zuwa idan Allah Ya kai mu.